Neman shawara: binciken shekara na kamfanin baƙi a China

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A bara muka yi rajistar kamfanin fitar da kaya a Guangzhou, jarin duka namu ne, babu ɗan ƙasa a ciki. Yanzu ejan ya ce lokacin binciken shekara ya yi, mu turo kuɗi. Jami'ai ne za su zo ofis, ko takardu ake cikewa? Ta ina za mu fara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Alhaji. Sunan ne kawai ya saura a bakin mutane. Binciken da ake kai lasisi a buga masa hatimi an soke shi tun 2014, aka koma rahoton shekara da kamfani ke cikewa a shafin gsxt.gov.cn. Daga 1 ga Janairu 2020, da dokar zuba jarin waje ta fara aiki, rahoto ɗaya ke isa ga hukumar kula da kasuwanni, da ma'aikatar kasuwanci, da hukumar musayar kuɗi. Ana karɓa daga 1 ga Janairu zuwa 30 ga Yuni. Tunda bara kuka yi rajista, bana ne na farkonku, ko da ko allura ba ku sayar ba.

Amsa ta biyu: Alhaji, kada ku fara da shafin, shi ne na ƙarshe. Ku fara ba odita mai lasisin China littattafanku na Janairu zuwa Disamba, ya gama kafin ƙarshen Afrilu. Da rahotonsa akanta zai daidaita harajin riba na shekara, wanda ke rufewa 31 ga Mayu. Nan ake shan wahala: kuɗin da aka kashe ba tare da fapiao ba, wato rasit ɗin hukuma da ofishin haraji ya amince da shi, galibi ofishin ba ya cire shi daga riba, sai haraji ya hau. In kun biya hayar sito ko kuɗin dako hannu da hannu babu rasit, ku nemo rasit ɗin tun yanzu.

Sai rahoton. Kadarori, bashi, kuɗin shiga, riba, yawan ma'aikata, inshorarsu, duk su zo daidai da abin da aka kai wa haraji. Kuma jarin da kuka yi alkawari daban, wanda ya shiga asusu daban. Kowanne da gurbinsa. Sabuwar dokar kamfanoni ta 1 ga Yuli 2024 ta ba da shekara 5 a cika alkawarin. Za a tambayi ainihin wanda ke juya kamfanin, ko da ta hannun wani kamfani ya sa jari.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. In aka makara fa?

Amsa ta uku: Sunan kamfani zai shiga jerin masu matsala, wanda kowa ke iya dubawa, har banki da masana'antun da kuke saye a wurinsu. Ana fita bayan an cike rahoton an nemi a cire. Amma in ma'aikatar kasuwanci ta ba da wa'adin gyara aka yi biris, tarar yuan 100,000 ce zuwa 500,000.

Abu biyu ku bincika yau, Alhaji. Lambar sirrin shiga shafin tana zuwa ne a wayar wakilin da aka rubuta; in na ejan ne kuma kuka rabu, sai an sauya shi tukuna. Sai adireshi. Ana zaɓar kamfanoni ta hanyar ƙuri'a a leƙa su, in aka zo ko aka aiko wasiƙa ba kowa, jerin nan dai za ku faɗa. Cike rahoton kyauta ne, don haka ku ce ejan ya rubuto kuɗin odita daban, ladansa daban, kafin ku tura ko kwabo.