Neman kalma: me za mu kira "inheritance" a batun izinin folda?

Malamar Kwamfuta, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe tara ina da darasi, kuma ɗalibaina yawancinsu sun fi gane bayani da Hausa. Makon jiya kwamfutarmu ta ƙi tashi, aka sake zuba mata Windows, muka maido da fayilolinmu daga diskin da muke ajiya. Komai ya dawo, ina ganin foldar sakamakon ɗalibai da idona, amma da na danna sai ta ce ba ni da izinin shiga. Alhali sunan da na buɗe sabon asusu da shi, shi ne na da. Da na leƙa wajen Security, maimakon sunana sai na tarar da wata doguwar lamba mai farawa da S-1-5-21. Mun gyara, kuma ina so in koyar da gyaran. Kalmar izini ina da ita, ta mai folda ma ina da ita. Abin da ya tsaya mini shi ne "inheritance", wato yadda ƙananan foldoji ke ɗaukar izininsu daga babbar da suke ciki. Sai kuma "backup".

Mai Gyara, Kasuwar Barci:
Wa alaikumus salam Malama. Gado kawai. Haka nake gaya wa yaran shagona: uwa ta ba 'ya'yanta gado. Kuma ki fara musu da lambar nan, ita ce tushen matsalar. Windows ba ta san suna ba, lamba ta sani. Duk lokacin da aka buɗe sabon asusu sabuwar lamba ake yanka masa, ko da harafi ɗaya bai canza a sunan ba. Su kuwa fayilolin suna nan riƙe da tsohuwar.

Ɗan Kawo:
Kamar takardar gida ce a KADGIS, hukumar filaye ta Kaduna. Don sunanku ɗaya da mai gida ba za a miƙa maka makulli ba. "Backup" kuma ni ajiyar ko-ta-kwana nake cewa.

Malamar Kwamfuta:
Ajiyar ko-ta-kwana ta zauna daram, na ɗauka. Na gode ƙanena.

Tsohon Malamin Hausa, Tudun Wada:
'Yata, kafin ku kai ga gado, wane ne ya yarje muku "folda"? Shekara da shekaru ina cewa gafaka. Jakar fata ce da almajiri ke zuba warƙoƙinsa kada su watse, aikin da abin nan yake yi ke nan. Muna da kalma a gida, mun bar ta tana mutuwa muna yawon aro. Gado kuma ban yarda da shi ba. Ba a cin gado sai mai abu ya rasu, ita kuwa babbar gafakar tana nan da ranta, yau ta canza izini gobe ta sake, ƙananan suna biye da ita. Wannan ba gado ba ne, biyayya ce.

Mai Gyara:
Ranka ya daɗe, maganarka ta biyu ta kama ni, gaskiya ce. Amma gafaka fa? Yau da safe wani ya kawo mini kwamfuta, in na ce masa buɗe gafaka sai ya tsaya kallona. Kuma gafaka ba ta shiga cikin gafaka har hawa goma.

Tsohon Malamin Hausa:
Zai kalle ka sau ɗaya, ka gaya masa, ya sani har abada. Da haka aka koya wa mutane majalisa da jam'iyya. Matsalarku 'yan Kaduna, Hausar bariki ta yi muku yawa.

Ɗan Kawo:
Haba Baba. Daga garin nan Rediyon Kaduna ya fara magana a 1962, har Nijar da Ghana aka saurari Hausarsa. Kuma majalisa da jam'iyyar da ka kawo daga Larabci suke. Shi kansa izini ɗan aro ne, ya daɗe ne kawai har ya zama ɗan gida. Me ya sa aron Larabci ado ne, na Turanci abin kunya?

'Yar Zazzau:
In ana maganar gyaran Hausa a takarda a fara da Zariya, can aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kaduna baƙuwa ce a wannan fage.

Malamar Kwamfuta:
Don Allah iyayena da yayyena, darasin gobe ne. Baba, maganarka kan gado ta dame ni, don akwai haɗari a ciki. In ɗaliba ta ɗauka gado ne da ake raba sau ɗaya, ba za ta gane cewa taɓa izinin babbar folda yana gangarawa har ƙasa ba. Da idona na ga wata ta buɗe babbar folda ga kowa don a karanta takarda ɗaya, ashe ta buɗe har da foldar albashi da ke ciki.

Mai Gyara:
To ki ce bin uwa. Izinin bin uwa, da izinin kai, wato wanda aka sa wa folda ita kaɗai. Gyaran ma sai ya faɗu da sauƙi, mataki biyu. Na farko karɓar mallaka, a buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, da ikon shugaba a rubuta takeown /F sai hanyar folda sai /R /D Y. Na biyu icacls sai hanyar folda sai /reset /T, wannan ya share tsofaffin izini ya mayar da kowa bin uwa. Amma ki ja kunnensu: a foldar takardunsu kawai. Wanda ya yi wa foldar Windows ko dukan diskin C haka ya jawo wa kansa aiki. Kuma fayil ɗin da aka rufe da EFS, wato kullen sirri na Windows, karɓar mallaka ba ta buɗe shi, sai da makullinsa na asali.

Ɗalibin Kadpoly:
A Linux ma haka abin yake. Asusun farko a Ubuntu, wani nau'in Linux, lambarsa 1000, in fayilolin na 1001 ne sai a karɓi mallaka da chown -R. Kuma a daina chmod 777, mai buɗe wa kowa komai, cire ƙofa ne gaba ɗaya don makulli ya ɓata. Lambar izini 755 ga folda, 644 ga fayil sun wadatar a mafi yawan lokuta. Amma Malama, ɗalibanki a allo "inheritance" za su gani, in suka tambayi mai jin Turanci gado zai ce musu. Kada su rikice.

'Yar Zazzau:
Wannan gaskiya ne. Ni dai gado zan ci gaba da cewa. Ai muna cewa yaro ya gaji ubansa a hali, uban yana zaune a zaure.

Tsohon Malamin Hausa:
Wannan misalin naki ya yi, ba zan musa ba. Amma bin uwa ya fi shi tsabta. Gafaka kuma ina nan a kanta.

Malamar Kwamfuta:
Ga abin da zan rubuta a allo: bin uwa, sannan in gaya musu wasu na cewa gado, kuma shi ne fassarar abin da za su gani a Turance. Folda zan bar ta folda, Baba ka yi haƙuri, amma zan ambaci gafaka in ga ko akwai wadda ta san ta. Saura izinin da ake kira "Read & execute", karantawa na gane, na biyun ne ban samu ba.

Mai Gyara:
Kunnawa.

Tsohon Malamin Hausa:
Zartarwa. Kunnawa ta fitila ce.

Malamar Kwamfuta:
An kira Isha'i. Zan sa kunnawa gobe, sauran mu ƙarasa bayan darasi.