Neman kalmar Hausa: me za mu kira contour?

Malamin Kiyawa: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar ina da darasi da yaran garinmu da suka ci JAMB suna jiran tantancewar shiga jami'a, wasu Dutse wasu BUK, duk labarin ƙasa suke nema. Karatun taswira ne yake ba su wahala. Da Hausa nake musu bayani don ya zauna, amma na cije a kan contour, layin nan da ke haɗa wuraren da tsayinsu daga saman ruwan teku yake daidai. Me zan ce musu?

Ɗan Rano: Layin tudu.

Malama 'yar Ringim: A'a Yaya, ai kwari ma yana da shi. Duba taswirar kogin Haɗeja, layukan suna yin tsini wajen da ruwa ya taso. In ka ce tudu, yaro zai neme su a kan duwatsun Dutse kaɗai. Ni dai layin tsayi ɗaya.

Dattijon Haɗeja: Ku da kuke neman Hausa kuka fara da "layi"? Aron Turanci ne. Tun kafin a haife ku manomi ya san yadda zai gitta kunya a gangare don ruwa kada ya tafi da ƙasa. Kunyar taswira, shi ke nan. Na daɗe ina faɗa ba a ji.

Malama 'yar Ringim: Baba, Allah ya ƙara girma, taswira fa daga Larabci take. Kuma a rubuce ba a bambanta kunyar gona da kunyar ido, aji zai ɓarke da dariya.

Dattijon Haɗeja: Larabci ya fi shekara ɗari biyar a bakinmu, 'yata, ba baƙo ba ne. Abin da ke damun 'yan boko, duk abin da ya fito daga gona ƙauyanci ne a wurinku.

Ɗan Rano: Baba, noman rani nake da ruwan Tiga, kada a kai mu can. Kunya tana iya hawa tana iya sauka, wannan kuwa ba ya hawa ba ya sauka, biyu kuma ba sa gitta juna. Nan gizo ke saƙar.

Ɗalibin BUK: Malam, a yi haƙuri na sa baki. Tambayoyin da Turanci za su fito a kwamfuta, in an yi hira ma haka. Yaron da bai taɓa jin contour ba zai tsaya yana kallo. Su riƙe ta, su kuma san cewa in layuka sun matsu gangaren ya yi tsaye, in sun ware fili ne. A taswira mai ma'auni 1:50,000, santimita 2 kilomita 1 ce. Irin wannan ke kawo maki.

Dattijon Haɗeja: To haka za a yi ta yi har Hausa ta zama ta cefane kawai.

Malama 'yar Ringim: Malam, kai su bakin kududdufi bayan damina. Duk inda ruwa ya tsaya kwana biyu sai ya bar shati a jikin gaɓa, wani ƙasan wani, kowanne ya zagaye a tsayi ɗaya. Gefen da aka haƙi ƙasar gini sun matsu, gefen mashayar shanu sun ware. Shatin tsayi, ba layi a ciki, Baba ya huta.

Malamin Kiyawa: Madalla. Zan rubuta contour a allo, ƙarƙashinta shatin tsayi, in sun iya amfani da ita ranar Asabar zan sanar da ku. Saura tazarar da ke tsakanin shati da shati.

Dattijon Haɗeja: Shati ba laifi, Hausa ce. Amma jikokina kunyar taswira zan koya musu.