Me za mu kira "civil disobedience" da Hausa? Na tsaya a kan turjiyar lumana

Jama'a, na ga shawarwarin da kuka kawo a kan kalmar nan da ta gagare mu wajen shirya darasin Romawa sura 13 na Littafi Mai Tsarki, inda Manzo Bulus ya ce kowa ya sa kansa a ƙarƙashin mahukunta. Ga inda na tsaya, da dalilina.

Mu fara da abin da ake nufi. Mutum ya ƙi bin wata doka guda ta hukuma saboda lamirinsa, ya yi hakan a bainar jama'a, bai ɗauki makami ba, kuma idan an zo kama shi ba ya gudu, ya karɓi hukuncin. Duk kalmar da ba ta iya ɗaukar waɗannan gaba ɗaya ba ta yi mana ba.

Baba Fasto, kun ce mu bar shi a "tawaye". Ku gafarce ni, Baba, amma da zarar mai sauraron rediyo ya ji 'yan tawaye, mutanen daji da bindigogi ne ke zuwa masa a rai, masu neman kifar da gwamnati. Wannan kuwa shi ne abin da Manzo Bulus ya hana Ikilisiyar Roma, a zamanin Niro sarkin Roma ma, ba wani sarkin kirki ba. In muka sa "tawaye" a darasi, mun yanke hukunci tun kafin a buɗe littafin. "Bore" ma ƙanensa ne, yana tafe da ƙone-ƙone.

"Zanga-zanga" da "ƙauracewa" hanyoyi ne kawai, ana iya yin su ba tare da an karya doka ba. Na wuce su.

Wata malama ta kawo "rashin biyayyar farar hula". Malama, fassarar ta bi Turancin sawu da ƙafa, sai dai a kunnen Bahaushe rashin biyayya halin yaro ne marar tarbiyya. Ga kuma wata matsala da ta fi wannan. Mai yin abin nan ba ya ganin kansa marar biyayya. Da aka gurfanar da Bitrus da manzanni gaban majalisar Yahudawa a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa suka yi dole su yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Biyayyar ce ta kai su can.

A nan Helenanci ya taimaka. Kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a Romawa 13:1 tana nufin mutum ya sa kansa a ƙarƙashin mahukunta, ta Bitrus kuma tana nufin bin umarni. Ba ɗaya ba ne. Manzannin sun ƙi umarnin daina wa'azi, amma da aka yi musu bulala ba su tara mutane su far wa majalisar ba. Haka Shadrak, Meshak da Abednego a Daniyel sura 3: sun ƙi rusuna wa gunkin Nebukadnezzar, suka kuma tsaya aka jefa su cikin tanderu.

To, ga "turjiya". Wanda ya turje ya kafe ƙafa ne, ba ya gaba, ba ya kai duka, ba ya kuma tserewa. Ranar 1 ga Disamban 1955, a garin Montgomery na Amurka, direban bas ya ce wa Rosa Parks ta tashi ta ba farar fata kujera. Da Hausa me za mu ce ta yi? Ta turje. Ta zauna har 'yan sanda suka zo suka tafi da ita. Martin Luther King, wanda fasto ne na Baftis, an kama shi a Birmingham ranar Jumma'a Mai Kyau ta 1963 saboda ya saɓa wa umarnin kotu na hana maci. Daga kurkuku ya amsa wa wasu malaman addini 8 da suka soki tafiyarsa, ya ce wanda zai karya dokar zalunci ya yi ta a fili, cikin ƙauna, a shirye ya sha hukunci. Mutanen nan uku na Daniyel ma ya kafa hujja da su. "Lumana" kuwa mun riga mun saba da ita a zanga-zangar lumana, ita ce ke rufe ƙofar makami.

Ɗan'uwan da ya ce turjiya ta rago ce in ana jan sa kasuwa, ban musa ba, na ma yi dariya. Amma 'yan jarida sun daɗe suna cewa wani ƙuduri ya gamu da turjiya a majalisa, ba wanda ya ji an zage shi. "Bijirewa" da ka kawo a madadinta na auna ta, sai dai mun fi jin ta a wa'azi, inda ake bijire wa Allah, kuma ƙurar nan ba ta kakkaɓuwa cikin sauƙi.

Kalmar tana da iyaka, kuma haka nake so. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da 'yan Nazi suka rataye ranar 9 ga Afrilun 1945, yana da hannu da masu shirin kawar da Hitler. Ko an yaba masa ko an soke shi, abin da ya yi ya wuce turjiyar lumana. Ungozomomin Fitowa sura 1 su ma ba su shiga sosai ba, don a ɓoye suka ƙi kashe jariran Ibraniyawa, da Fir'auna ya tambaye su kuma suka kewaye shi da zance. Nasu sai mu nema masa wani suna, kuma ina jiran abin da Baba Fasto za su ce a kai kafin a buga darasin.