Na kammala kalmomi 50,000 a Nuwamba, ta ina zan fara gyara?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum. Na yi rubutun nan na wata guda irin na NaNoWriMo, wato ƙalubalen rubuta littafin labari a watan Nuwamba, kalmomi 50,000 cikin kwana 30. Labarin ya kai ƙarshe, amma a hargitse yake. Da gyaran ƙa'idojin rubutu zan fara, ko yaya ake yi? Ni ce ƙanwarku.

Jan Biro: Wa alaikumus salam, sannu da ƙoƙari Malama. Ƙa'idojin rubutu su ne na ƙarshe. Me zai sa ki ɓata dare kina gyara waƙafi a babin da gobe za ki cire shi ɗungurungum?

Ki ajiye labarin mako huɗu zuwa shida, kada ki leƙa. Ki adana na asali, gyara a kan kwafi ake yi. Sai ki buga shi a takarda da tazara tsakanin layuka. Idan shafi na cin kalma 250, zai kai shafi 200. Ki karance shi a zama biyu ko uku, alama kawai za ki riƙa sawa a gefe.

Daga nan ki ba kowace fitowa, wato ɓangaren labari da ya faru a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, layi ɗaya a littafin rubutu: su wa ke ciki, a ina, yaushe, kuma me ya sauya. Tambayar ƙarshen nan ita ce mai tona asiri. Wanda aka ɗora wa kalma 1,667 kullum don ya cika 50,000 a kwana 30 dole ya yi ciko a ranar da kansa ya toshe: gaisuwa shafi guda, lissafin kayan lefe akwati bayan akwati, jaruma ta yi wanka ta yi kwalliya ta sake wani wankan. Duk fitowar da aka fita yadda aka shiga, ko ki cire ta ko ki haɗe ta da ta kusa. Za ki ga yawancinsu a tsakiyar labari suke.

Uwar Marubuta: Ƙari a kan na Malam, ki zana jadawalin lokaci. Rubutun sauri shi ke sa ciki ya yi wata goma sha huɗu, ko kakar da aka yi sadakar bakwai ɗinta a babi na 4 ta fito tana faɗa a babi na 19. Idan kuma za ki sauya suna da kwamfuta, ki zaɓi cikakkiyar kalma kaɗai. In ba haka ba, mayar da Ali zuwa Sani zai lalata miki Aliyu da Halima, har da “dalili”.

Ɗan Ɗab'i: Mako shida ya yi yawa a ganina, Yaya Jan Biro. Wasu in sun kai haka ba sa komawa. Biyu zuwa uku ya isa. Sauran na yarda.

Idan ginin labari ya zauna, ki karanta hirarraki da murya, duk inda harshenki ya sarƙe akwai gyara. Sannan ki bi ƙ, ɗ, ɓ, musamman in a waya kika buga, ki raba “yace” da “shine” su koma “ya ce” da “shi ne”. Ki ba mutum biyu ko uku waɗanda ba sa jin kunyarki su karanta, kuma kada ki fara sakin shafuka a Wattpad (dandalin sakin labarai a intanet) ko WhatsApp kafin nan, domin babin da mutane suka riga suka karanta ba ya ciruwa cikin sauƙi.