Zauren malamai: a koma Telegram ko a zauna a WhatsApp?

Mushen lissafi, Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum. Ina da magana, wanda zai ji haushi ya ji. WhatsApp bai dace da ajiyar kayan koyarwa ba. Tambayoyin BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, na shekarun baya sau nawa aka turo su nan? Sabon shiga ba ya ganin takardun watannin baya, sai ya nema, a sake turowa, wayoyi su cika. Zauren WhatsApp iyakarsa mutum 1024. Na Telegram yana ɗaukar 200,000, kuma in admin ya buɗe tarihin hira, wanda ya shigo yau zai karanta komai tun daga farko. Ana iya ware ɗaki-ɗaki a ciki, lissafi daban, Faransanci daban. Masu kiwon tantabara ma sun fi mu tsari, kowa na kawo abin da ya sani. Mu kuwa ƴan kaɗan ke turowa, sauran sai bara.

Madan CM2 (aji shida na firamare), Tibiri: Bara? Mushe, malamin da ya nemi shirin darasi wajen ɗan'uwansa shi ne mabaraci? Ka janye kalmar nan.

Malamin Larabci, Bagalam: Ni ban ga zagi ba. Almajiri ke bara, almajiri kuwa mai neman ilimi ne. Wa ya fi ƙarfin a kira shi haka?

Madan CM2, Tibiri: Malam, kada a juya zance. Almajiri ilimi yake nema wajen malaminsa, tuwo yake bara a ƙofar gida. Tambaya daban, roƙo daban, bara daban. Matambayi ba ya ɓata.

Ɗan kwantaragi, Dakoro: Kalmar nan mu aka jefa da ita, mun gane. Wanda ke cikin gari da wuta da rezo mai ƙarfi ba zai san abin da ke hana malamin daji turowa ba. A ƙauyuka da yawa sai an nemi tudu kafin saƙo ya fita, cajin waya kuma na kuɗi ne. Hoto shida na shafin littafi, uku su tafi, uku su tsaya suna juyi har mega ta ƙare. Shi ne za a ce masa mai bara?

Mushen lissafi, Ali Ɗan Sofo: Ƙanena, ban ambaci ƴan kwantaragi ba. Maganata kan inda za a ajiye takardu ce.

Mai koyar da kwamfuta, Zariya: Yaya na Dakoro, matsalar hotunan tana da magani. Kada a tura shafi a matsayin hoto, WhatsApp yana matse shi, ƙananan lambobi da alamun lissafi su dushe, in aka buga a takarda ba su karantuwa. A shimfiɗa littafin a inuwa mai haske, ba cikin rana tsaka ba, waya ta daidaita da shafin, kada inuwar hannu ta faɗa kansa. A ɗauka da manhajar sikan, a zaɓi baƙi da fari, a haɗa shafukan duka cikin PDF ɗaya. Sai a taɓa alamar maƙala kaya, a zaɓi takarda. Baƙi da fari ya fi mai kala sauƙin nauyi nesa ba kusa ba. Sunan kuma ya zama aji, fanni, darasi, shekara, domin da sunan ake nemo ta a wurin bincike. Takardar da sunanta lambobi ne kawai ta ɓace ke nan. Masu kukan mega su shiga saitin ajiya da data, su kashe saukar hoto da bidiyo da kansu, sai wanda mutum ya taɓa.

Ɗan kwantaragi, Dakoro: Na gode, amma har yanzu ba a janye kalmar ba.

Malamin Larabci, Bagalam: To a ce ba ni gishiri in ba ka manda. Wanda ya ɗauki biyar ya kawo ɗaya.

Madan CM2, Tibiri: Wa zai riƙa ƙirgawa? Kuma misalin masu tantabara bai hau ba. Su ciniki ke haɗa su, mai turo hoton tsuntsu mai saye yake nema. Malami me zai sayar?

Mushen kimiyya, Tasawa: Madan, ba duka ba ne. A zauren masu kiwo ana bayanin ware sabon tsuntsu kafin a haɗa shi da sauran, da wanke mashaya kullum, ba a karɓar ko dala. Sha'awa ce ke riƙe su.

Direkta mai ritaya, Mokoyo: Ƴaƴana, da Faransanci ake rubutu a zauren nan da kalmar ba ta fito ba. Harshen aiki yana sa mutum ya auna magana.

Madan CM2, Tibiri: Baba direkta, ranka ya daɗe, tun 2025 dokar ƙasarmu Nijar ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Laifin mai magana ne, ba na Hausa ba.

Direkta mai ritaya, Mokoyo: Dokar nan dai ta bar Faransanci cikin harsunan aiki, ɗiyata, kuma da shi yara ke rubuta BEPC.

Mushen kimiyya, Tasawa: Ga abin da ya fi wannan duka haɗari. A WhatsApp kowa na ganin lambar kowa, Telegram kuwa ana iya ɓoye ta. Ɓarawo na shigowa ta gayyatar da aka watsa a Facebook, ya kira malami ya ce taron ƙara wa juna sani za a yi, ya karanto masa lamba shida da ta shigo wayarsa. Yana faɗa, an ƙwace asusun, a shiga neman kuɗi da sunansa. Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, admin kuma ya soke tsohuwar gayyata, ya kunna amincewa kafin shiga.

Mushen lissafi, Ali Ɗan Sofo: Ga hujja ta biyu ke nan ta komawa Telegram. A yi ƙuri'a mana.

Ɗan kwantaragi, Dakoro: Ba ƙuri'a sai an ba da haƙuri.

Admin: Jama'a, ya isa. Ga abin da na fahimta. Mafi yawa ba su goyi bayan tashi daga WhatsApp ba, domin shi ne ke cikin wayar kowa, kuma tun da aka buɗe zauren nan yana yi mana aiki lafiya lau. Kalmar bara ba ta dace ba, na goge saƙon farko ga kowa. Daga yau takarda sai PDF mai suna, wadda aka turo a hoto zan cire ta. Na soke tsohuwar gayyata, sabon shiga sai na amince. Na rufe rubutu, admin kaɗai ke turowa har gobe bayan sallar asuba.