Takalmin shiga kwazazzaban Yuta: abin da masu gogewa suka ce

A tattaunawar da masu ratsa kwazazzaban jihar Yuta ta Amurka suka yi, kusan kowa ya amince cewa tafin takalmi shi ne abin dubawa na farko, domin duwatsun da ke ƙarƙashin kogin Virgin a gandun dajin Zion suna da santsi, kuma roba mai laushi ce ta fi kama su. Matsalarta ita ce dutsen yashi yana cinye ta da wuri, saboda haka wasu suka ce kada mai farawa ya zuba kuɗi a takalman kamfanin Five Ten ko La Sportiva tun bai san ko zai ɗore a harkar ba, gara ya yi haya a garin Springdale da ke kusa da Zion ko ya sa tsohon takalmin gudu mai kyakkyawan tafi.

Sun yi gargaɗi a kan takalmin da ba ya shan ruwa, domin idan ruwa ya shiga ta sama ba ya fita, sai nauyi. A ganina shawara mafi amfani ita ce a sayi wanda ya ɗan fi ƙafa girma saboda safar niyofirin mai kauri (safar roba mai riƙe ɗumi a cikin ruwa), sannan a shafa gam a ɗinkin gefe kafin tafiyar farko.