Neman kalmar Hausa: me za mu kira RAM, me kuma za mu kira wurin ajiyar kwamfuta?

Mai gabatar da shiri:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malamai da masu sana'a kafin ranar Alhamis, domin a ranar ce za mu naɗi shirinmu na fasahar zamani a wani gidan rediyo a nan Kaduna, kuma batun wannan mako shi ne abin da ya kamata mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya ƙara mata idan ta fara saiɓi. Masu saurare sun ji cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, suna ta tambaya ko tsofaffin kwamfutocinsu za su ɗauki Windows 11. Daga cikin sharuɗɗan akwai RAM aƙalla giga 4 da wurin ajiya aƙalla giga 64. To, a nan na cije, domin duka biyun da giga ake auna su, kuma idan na ce "memori" mai saurare zai ɗauka ɗan katin da yake saka wa waya ya zuba waƙoƙi da hotuna nake nufi. Ina buƙatar kalmomi biyu da ba za a gauraya su ba, da kuma hanyar bambanta iri biyu na wurin ajiyar, wato SSD da tsohon had dis.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malama, kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi a shago. Mutum zai zo ya ce a ƙara masa memori, sai ka zauna ka yi ta tambayarsa kafin ka gane ko cewa take yi ta cika ba ta karɓar fayil, ko kuwa tsayawa take yi idan ya buɗe shafuka da yawa. Cuta biyu ce, maganinsu ma biyu ne, kuma wanda ya sayi maganin ɗaya alhali ɗayar ce ke damunsa ya yi asarar kuɗinsa. Yadda nake yi wa mutane bayani shi ne, wurin ajiya rumbu ne, RAM turmi ne, furosesa kuma, wato sashen da yake sarrafa aikin, taɓarya. Komai girman rumbu, idan turmin ƙarami ne dole a riƙa daka kaɗan-kaɗan ana ta kaiwa da komowa, kuma wannan zirga-zirgar ita ce saiɓin da ake gani. Shawarata a ce "rumbu" ga wurin ajiya, a bar RAM da sunansa, tunda shi ne a rubuce a jikin kwali, shi ne kuma mai shago zai gane.

Hajiya mai fassara:
Injiniya, misalin ya zauna daram, amma kalmar tana da mai ita. An daɗe ana cewa "rumbun bayanai" ko "rumbun adana bayanai" ga tarin bayanan da hukumomi da bankuna ke tarawa, kuma idan muka jawo ta nan za mu ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu. Ni "ma'adana" nake sakawa a duk fassarar da na yi, domin ginin ta a fili yake: wurin da ake adana abu, kamar yadda makaranta take wurin karatu. Ga RAM kuwa na saba rubuta "ma'ajiyar wucin gadi", saboda abin da ke cikinsa yana gushewa da zarar an kashe na'urar.

Mai gabatar da shiri:
Hajiya, na karɓi ma'adana hannu biyu. Tsorona da ta biyun shi ne, a rubuce mutum yana iya komawa ya sake dubawa, amma a rediyo sau ɗaya kalma take wucewa, kuma ma'adana da ma'ajiya a kunne 'yan gida ɗaya ne. Wanda ya ji "ƙara ma'ajiya" zai zaci fili zai samu na zuba bidiyo.

Baba Malam:
Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saurin da Injiniya ya yi wajen cewa a bar RAM da sunansa. Wane suna? Haruffa uku ne na Turanci da aka yanko daga kalmomi uku na Turanci, ba su gaya wa Bahaushe komai. Da magabatanmu haka suka yi, da yau ba mu da jirgin sama, ba mu da Majalisar Ɗinkin Duniya, ba mu da yanar gizo. Tun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara sassaƙa kalmomi a Zariya, kuma rediyon da aka buɗe a garin nan a 1962 ya koya wa Arewa kalmomin mulki da na siyasa waɗanda har gobe da su muke magana. Kalmar da nake bayarwa ita ce "tunau". Daga tuna take, a kan tsarin da ya ba mu mantau da makarau, gajeriya ce, tana da daɗin faɗa, yaro ma zai riƙe ta. Na daɗe ina amfani da ita a rubuce-rubucena, ban ga wanda ya kasa fahimta ba.

Injiniya:
Allah ya gafarta Malam, ba raina Hausa nake yi ba. Matsalar tunau ita ce ta bayyana kishiyar abin da na'urar take yi. RAM ba ya tuna komai bayan an kashe kwamfuta. Wanda yake cikin rubutu bai adana ba batirinsa ya mutu ya san wannan. Wanda yake tunawa shekara da shekaru shi ne wurin ajiya. Idan Malama ta ce wa mutane su ƙara tunau, rabinsu za su zo neman SSD.

Baba Malam:
Turawan ma da kalmar tunawa suka kira shi, ba ku ce musu sun yi kuskure ba. Larabawa sun ce zakira, Faransawa sun ce masa ƙwaƙwalwa mai rai, kowa ya juya shi zuwa harshensa, sai mu ne kaɗai za a ce namu bai isa ba. Wannan ita ce Hausar Kaduna da ake yi mana gori a kanta a Kano da Sakkwato, rabi Hausa rabi Turanci, har ta kai matashi yana jin kunyar faɗin kalmar gida a gaban abokansa.

Hajiya mai fassara:
Baba, a yi mini afuwa, amma ban yarda da gorin nan ba. Garin da Bahaushe da Bagwari da Bajju da Bayarabe da Ibo suke ciniki da Hausa a kasuwa ɗaya ba shi ne ya raunana harshen ba, shi ne ya faɗaɗa shi. Aro kuwa ba jiya aka fara ba. Littafi da alƙalami daga Larabci suka zo, mota da asibiti da tebur daga Turanci, ita kanta na'ura da manhaja da muke tutiya da su aro ne. Har yau "na'ura mai ƙwaƙwalwa" da "kwamfuta" suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba wadda ta kori wata. Sannan kuskuren da Turawa suka yi wajen naɗa suna bai zama wajibi mu gada ba, tunda su ma a kullum sai sun yi wa masu saye bayanin bambancin nan da muke ta fama da shi.

Baba Malam:
Aron da aka yi da, an sarrafa shi har ya zama namu. Asibiti ta sha gyara kafin ta zauna a bakin Bahaushe. Wane gyara aka yi wa RAM da SSD?

Wani ɗalibi:
Baba, da izininku. A bakin mutane "ram" ake cewa, gaɓa ɗaya, kuma har an fara cewa "ram ɗinta nawa ne", wato kalmar ta riga ta shiga jimlar Hausa. Amma ina ganin akwai gaskiya a maganarku cewa ba ta bayyana komai. Me zai hana a ce "filin aiki"? Idan filin ya yi faɗi ana buɗe abubuwa da yawa a lokaci guda, idan an tashi aiki kuma a share shi. Ba ya kama da ma'adana a kunne, kuma bai yi alkawarin tuna komai ba. Na so in ce "ƙwaƙwalwar aiki", sai na tuna mutane da yawa furosesa suke kira ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Injiniya:
Filin aiki ya yi mini, da sharaɗin a ambaci RAM tare da shi. Dalilina ba son Turanci ba ne, dalilina abin da zai faru ne idan mai saurare ya tashi saye. RAM iri-iri ne kuma ba sa shiga gurbin juna. Na kwamfutar tafi-da-gidanka gajere ne, ana ce masa SO-DIMM, kuma a cikinsa DDR3 yana da haƙora 204, DDR4 yana da 260, DDR5 yana da 262, tsagar da ke ƙasan kowanne kuma ba wuri ɗaya take ba, don haka ko an danna ba zai zauna ba. A cikin DDR3 ɗin ma akwai DDR3L mai aiki da bolt 1.35 maimakon 1.5, kuma yawancin HP da Dell da Lenovo na wajajen 2014 da 2015 da ake shigowa da su na hannu shi suke buƙata. Wasu sirara kuma an manne musu RAM da dalma a jikin bod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, ba a cirewa ba a ƙarawa. MacBook masu M1 da suka fito a 2020 da waɗanda suka biyo bayansu duk haka suke. Saboda haka, Malama, ki gaya musu kafin su fitar da ko sisi su buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna aikin da na'urar take yi, su duba nawa suke da shi, nawa ake ci idan suna aiki, da gurbi nawa ne a cike. Wanda yake da giga 4 ya kai 8 zai ga canji nan take, mai aikin zane ko tace bidiyo ya nemi 16, kuma guda biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba sauri. Idan Windows ɗinsa mai bit 32 ne, ba zai amfana da abin da ya haura giga 4 ba sai ya sauya. Duk waɗannan sunaye ba mu da Hausarsu, kuma wanda ya je shago ya ce a ba shi filin aiki kawai, zai dawo hannu rabbana ko ya dawo da abin da ba nasa ba.

Mai gabatar da shiri:
Na rubuta duka. Saura SSD da had dis, wanda har yanzu ba wanda ya taɓa shi.

Hajiya mai fassara:
Bambancinsu na zahiri shi ne had dis yana da faifai mai juyawa a ciki, SSD ba shi da shi. Sai a ce "ma'adana mai faifai" da "ma'adana marar faifai". Bahaushe ya san faifai tun zamanin garmaho, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Injiniya:
Wannan daidai ne, kuma yana taimakawa wajen bayyana dalilin saurin. Mai faifai na kwamfutar tafi-da-gidanka yawanci zagaye 5400 yake yi a minti, sai allura ta bi ta nemo abin da ake so, abin da yake bayarwa bai cika wuce megabayit 100 da 'yan kai a daƙiƙa ba, kuma faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi. Marar faifai iri biyu ne ta fuskar hanyar haɗa shi da kwamfuta: na SATA yana kai wa wajen 550, na NVMe kuma ya haura 3000. A ganina duk wanda har yanzu yake kan mai faifai, wannan ya kamata ya fara sauyawa kafin RAM, ko da giga 256 ne, domin nan ne ake jin canjin tun daga kunnawa. Sai dai a kula: akwai mai faɗin inci 2.5 da yake shiga gurbin tsohon, akwai siririn M.2 wanda aka fi samu a girman 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80, kuma ba kowane gurbin M.2 ne yake karɓar NVMe ba. A kwafe fayiloli a wani wuri kafin a buɗe na'urar. Ki kuma ƙara musu cewa RAM da ma'adana ba su kaɗai ne sharuɗɗan Windows 11 ba, akwai TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, da shekarun furosesa, kada wani ya kashe kuɗi sannan ya tarar an ƙi karɓar kwamfutarsa.

Baba Malam:
Ma'adana mai faifai da marar faifai ba ni da ja a kansu, Hausa ce tsantsa. Filin aiki kuwa bayani ne, ba suna ba ne, kuma kalma biyu ba ta daɗewa a baki sai an gutsure ta. Duk da haka ya fi a bar haruffan nan su kaɗai. Abin da nake roƙo shi ne Hausar ta riƙa zuwa a gaba, a ce "filin aiki, wato RAM", kada a juya. Ni dai tunau zan ci gaba da rubutawa, kuma ina nan a kan cewa NVMe da M.2 da sauransu ma suna buƙatar a zauna a kansu, ba a bar su haka ba don kawai Alhamis ta matso.

Mai gabatar da shiri:
Na gode, Baba, na gode muku duka. A farkon shirin zan ce "filin aiki, wato RAM" kamar yadda kuka nema, in kuma ce ma'adana, mai faifai da marar faifai, tare da ambaton SSD sau ɗaya ko biyu saboda masu zuwa shago. A sashen tambayoyi kuwa ba zan iya yi muku alkawari ba, domin mai kira da kalmar da ya sani yake tambaya, kuma dole in amsa masa da ita. DDR da NVMe da M.2 zan faɗe su yadda suke. Injiniya, idan da hali ka turo mini matakan duba gurbin RAM ɗin a rubuce kafin Laraba da yamma, domin in karanta su daidai.